Kalkuletar Dubu Ɗari Biyu: Jari Ce Ko Ado?

Duk shekara idan aka ɗauki sababbin ɗalibai a sassan injiniyanci da kimiyya da ƙididdiga, akwai 'yar gardamar da ke tashi a gidaje tsakanin mai karatu da mai biyan kuɗin karatu. An gama da kuɗin rajista, an sayi katifa da risho, an ɗinka farar rigar ɗakin gwaji, sai yaro ya ce, "Baba, saura kalkuleta." Uban ya laluba aljihu yana zaton abin bai wuce kuɗin cefanen yini ba, domin shi a saninsa kalkuleta ita ce wadda mai shagon unguwa ke dannawa in zai haɗa kuɗin sukari da madara. Da ya ji farashi sai ya gyara zama.

Yawancin masu wannan musu kowa da kalkuletar da yake nufi, shi ya sa ba a cika rabuwa da fahimtar juna ba. Kayan hawa uku ne. A ƙasa akwai masu araha, irin Casio fx-82MS da ɗalibi ya baro sakandare da ita, da kuma tarin jabun da aka buga wa sunan manyan kamfanoni. A tsakiya akwai cikakkiyar kalkuletar kimiyya ta asali, irin fx-991ES Plus ko fx-991EX, wadda a kasuwannin waje ba ta cika wuce dala 20 zuwa 30 ba. A sama kuma akwai masu faffaɗar fuska da ke zana lanƙwasar lissafi, irin TI-84 Plus CE da TI-Nspire na kamfanin Texas Instruments, ko HP Prime. Waɗannan su ne manyan yara, kuma TI-84 Plus CE ta daɗe tana kewaya dala 150.

A juya wannan zuwa kuɗinmu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. A wannan lissafi dala 150 ta kama naira 225,000, tun ba a sa ribar ɗan kasuwa da kuɗin dako ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin wata uku bai saye ta ba. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND sai ya tara na wata goma sha ɗaya bai ci ko gurasa ba, kuma duk da haka da sauran ciko. Duk wanda zai ce a saya, to lallai ya zo da hujja mai nauyi.

Kuma suna da ita, bai kamata a raina musu ba.

Hujjarsu ta farko gani da ido ne. Ɗalibi zai iya shafe zango guda yana haddace cewa inda gangaren lanƙwasa ya koma sifili nan ne ƙololuwarta ko ƙwaryarta, ya ci jarrabawa a kai, bai taɓa jin abin a jikinsa ba. Ranar da ya shigar da lissafin ya ga layi ya hau, ya tsaya, ya gangaro, ya canza lamba ɗaya ya ga tudun ya matsa gefe, ranar ce karatun ya zauna masa. Tun da Casio ta fito da fx-7000G a 1985, wadda ita ce ta fara zane, malaman lissafi da dama suka riƙe wannan hujja, kuma ban ga ta inda za a ƙaryata su ba. Wasu daga cikin manyan, irin TI-Nspire CX CAS da HP Prime, har aljabara suke yi da haruffa: a ba su lissafi da x da y, su warware su miƙo amsa da x da y ɗinta. Mai bitar karatu shi kaɗai da tsakar dare, babu malami babu abokin tambaya, ya samu mai duba masa aiki.

Ta biyu ta fi kusa da rayuwarmu. In aka ce ai waya tana yin duk wannan, sai su tambaya: wace wayar, da wane cajin? Wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda ake layin soket a masallaci da azuzuwa, ya san darajar kashi goma na batir da ƙarfe tara na dare. Kalkuleta tana yin makonni ba ta nemi wuta ba. Ba ta kuma da WhatsApp. Wanda ya ɗauki waya don ya zana lissafi ɗaya, Allah kaɗai ya san inda zai tsinci kansa bayan minti arba'in, kuma wannan ba raunin yara kaɗai ba ne, har mu masu furfura.

Ta uku ita ce ƙarko. Karatun injiniya shekara biyar ne, ban da abin da yajin aiki kan ƙara. A raba kuɗin a kan zango goma, in ji su, sannan a tuna cewa ƙane zai gāda, ko a sayar da ita ta hannu da daraja. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Har tarihi suke kafa hujja da shi: a 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da HP-35 a kan dala 395, kuɗin da a lokacin ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai, amma injiniyoyi suka yi ta rububinta, cikin 'yan shekaru ta kori rular lissafi mai zamewa daga aljihunsu. Waɗanda suka saya da wuri ba su yi nadama ba.

To amma HP-35 ta yi abin da babu wani abu na aljihu da ke yin sa a zamaninta. Nan ne ƙafar wannan hujja ta fara rawa.

Babban abin da ke kayar da kalkuleta mai zane a jami'o'inmu shi ne ƙofar ɗakin jarrabawa. Dokokin jarrabawa a galibin makarantunmu sun haramta duk na'urar da ake iya ɗura wa rubutu, kuma manyan nan duk ana iya ɗura musu. Mai sa ido ba zai tsaya jin bayanin cewa ka share ƙwaƙwalwarta ba. Ya ga fuska mai faɗi da haruffa a kan madannai, in ya yi maka adalci ya ce ka ajiye ta a gaban allo, in bai yi ba ka tsinci sunanka a takardar satar amsa. Saboda haka wanda ya sayi babbar dole ya sake sayen ƙaramar. Ya kuma jawo wa kansa wata matsalar da ba a cika faɗa ba: ya shafe zango yatsunsa sun saba da wata na'ura, ranar da abin ya fi muhimmanci kuma ya zauna da wata daban.

Kada a ɗauka wannan ƙauyancinmu ne. Hukumar NCEES da ke shirya jarrabawar lasisin injiniyoyi a Amurka ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin masu zane ba. Jerin da ta amince da shi ya ƙunshi Casio fx-115 da fx-991, da TI-30X da TI-36X, da HP 33s da 35s. Wato a ƙasar da aka fi sayen TI-84, ranar da za a gwada ko mutum ya isa a kira shi injiniya, da irin ta tsakiyar nan yake shiga.

Me ya sa to TI-84 take da tsada haka? Amsar tana cikin makarantun Amurka, ba cikin na'urar ba. TI-84 Plus da ta fito a 2004 tana aiki ne da ƙwaƙwalwa irin ta Zilog Z80, ƙirar 1976, fuskarta kuma ɗigo 96 ne a kwance, 64 a tsaye. Wayar da ta fi kowace araha a kasuwar Farm Centre ta ninka ta ƙarfi ba adadi. Abin da ya riƙe farashinta shi ne littattafan lissafin sakandare a can an rubuta su da hotunan madannanta, an horar da malamai a kanta, hukumomin jarrabawa sun amince da ita, iyaye kuma sun ga sunanta a takardar kayan makaranta. A 2014 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa kashi 93 cikin ɗari na kalkuletoci masu zane da aka sayar a Amurka cikin shekara guda na Texas Instruments ne, ta kuma kawo hasashen wani mai nazarin kasuwa cewa ƙera guda ɗaya bai wuce dala 15 zuwa 20 ba. Ɗalibi a can yana biyan kuɗin shiga wani tsari ne da aka gina a kanta. Ɗalibin jami'a a Samaru ko Gidan Kwano in ya saya, ya biya kuɗin shiga tsarin da ba ya ciki: malaminsa bai koyar da ita ba, littafinsa bai ambace ta ba, in ta rikice masa babu wanda zai tambaya a duk ajin.

Ko a can ɗin ma ƙasa ta fara zamewa. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001, da Desmos da ta bayyana a 2011, duk kyauta suke, suna zane da launi, ana jan layi da yatsa ana ganin lambobi na canzawa, kuma manhajojinsu na waya suna aiki ko babu data. Da jarrabawar SAT ta koma kan kwamfuta, a 2023 a ƙasashen waje, a 2024 a cikin Amurka, sai aka dasa Desmos a cikin manhajar jarrabawar kanta. Hujjar gani da ido tana nan daram, sai dai ba ta bukatar naira dubu ɗari biyu kuma. Ta wuta da ta shagala su ne suka rage, kuma a ganina ƙaramin batirin ajiye caji da kashe data sun fi araha nesa ba kusa ba.

Sai maganar ƙarko, wadda ta manta da wani abu guda. Kalkuleta a jami'a ba ta cika mutuwa ba, ɓata take yi. A bar ta kan benci a fita alwala, ko a ara wa wani ya ara wa wani. Shi ya sa kowa ke ƙona sunansa a bayan tasa da kan kusa mai zafi ko ya manna takarda a cikin murfi. Wanda aka ɗauke wa ta dubu ashirin zai yi tsaki ya nemi wata. Wanda aka ɗauke wa ta dubu ɗari biyu sai an yi masa jaje.

Idan an zo aikin gaske ma, babu mai komawa kan mai zanen. Ɗan ajin ƙarshe da ke rubuta kundinsa da SPSS ko Excel ko R yake tace alƙaluma, ɗan injiniyanci da MATLAB ko Python. Babu ofishin da zai tambaye ka ko ka iya TI-84, amma da yawa za su tambaye ka Excel.

Duk wannan bai ba uban da muka fara da shi gaskiya gaba ɗaya ba. In ya ce to a je a sayo ta dubu uku a bakin titi, ya tsallaka daga wannan kuskure zuwa wancan. Tazarar da ke tsakanin ta ƙasa da ta tsakiya ita ce inda kuɗi ke aiki sosai, kuma ita ce aka fi yi wa rowa.

A ɗauki ɗan aji biyu a injiniyancin lantarki. An ba shi da'ira mai zagaye uku, ya bi dokokin Kirchhoff ya fitar da lissafi uku masu ɓoyayyun lambobi uku. Da fx-82MS sai ya warware da hannu, minti goma ko fiye, kuma alamar ragi ɗaya in ta kuɓuce masa komai ya rushe bai sani ba. Da fx-991ES Plus zai shigar da lambobi goma sha biyu, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ga amsa. Ko da malami ya ce sai an nuna aiki dalla-dalla, ya san inda zai sauka kafin ya tashi, in ya kauce kuma ya gane. In an shiga wutar da ke kai da komowa, inda kowace lamba ke da sashen zahiri da na ƙiyasi, mai 991 yana tarawa yana rabawa kai tsaye, yana juya su zuwa tsawo da kusurwa da danni biyu. Ɗan injiniyancin gine-gine da ke neman zurfin ruwa a magudana da lissafin Manning, wanda ba ya warwaruwa sai da gwaji da maimaitawa, yana da madannin SOLVE da ke yi masa maimaicin ta hanyar Newton. Ɗan ƙididdiga yana zuba alƙaluma a jere ya samu layin dangantakarsu. fx-82MS ayyuka 240 gare ta, fx-991ES Plus 417, fx-991EX kuma 552, har da jadawalin lambobi huɗu-huɗu. Ba wanda zai taɓa amfani da rabinsu, amma guda biyar ko shida daga ciki suna iya zama bambancin C da B a takardar awa uku. 991 tana kuma da farantin hasken rana da ƙaramin batir, ba ruwanta da layin soket.

Akwai malaman da ba sa son wannan, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Waɗanda suka yi karatu da littafin fo-figa suna cewa yaran yanzu ba su da ma'aunin lamba a ka: kalkuleta ta nuna musu cewa kaurin ginshiƙi mita arba'in ne, su kwafa su ja layi biyu a ƙasa. Na yarda da rabin maganar. Amma mai kwafar shirme daga 991 zai kwafe shi daga ta dubu uku ma. Maganin yana hannun mai saita tambaya, ya ba da maki a kan hanya da dalili, kuma da yawa haka suke yi. Akwai kuma darussan lissafin aji ɗaya da ake hana kalkuleta ɗungurungum, wannan ma daidai ne a wurinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. fx-991 na cikin kayan da aka fi kwaikwaya a kasuwanninmu, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, har mai shagon kan tambaye ka, "Orijina kake so ko ta biyu?" Wannan mai gaskiya ke nan. Wani zai miƙo maka ta biyun a kuɗin ta farko. Jabun tana kunnuwa, tana tarawa tana ragewa, ɗalibi ya tafi da murna. Sai an zo lissafi mai nauyi take tsayawa tana tunani, madanni ya maƙale ko ya ƙi shiga sai an danna sau biyu, wanda a jarrabawa yana nufin 1,000 ta koma 100 ba ka lura ba. A wasunsu farantin hasken ranar ma baƙar roba ce kawai aka manna, babu waya a bayanta. Casio ta sa wa sababbin samfuranta hanyar tantancewa: na'urar tana nuna lambar QR a fuskarta, a haska da waya a duba a shafin kamfanin. Ya kamata a yi wannan a gaban mai shago kafin a ƙirga kuɗi. A ƙara hattara da fx-991EX musamman, domin tun wajen 2023 kamfanin ya maye gurbinta da fx-991CW, amma "sababbinta" ba su ƙare a kan tebura ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, sai dai a nan har mai biyan tsadar bai tsira ba in bai duba ba.

Masu cewa a yi ta aro kawai su ma ina da ja da su. Kalkuleta tana da saituna, kuma tana riƙe abin da mai ita ya bar ta a kai. Wanda ya ari ta ɗan lissafi da aka bari a ma'aunin radiyan, ya danna sin 30 yana jiran 0.5, zai ga −0.988, in kuma a tsakiyar doguwar tambaya ne ba zai ma gani ba. Samfura ma ba su da baki ɗaya: a rubuta 6÷2(1+2), TI-84 ta ce 9, wasu samfuran Casio su ce 1, saboda kowanne da yadda yake fifita ninkin da aka rubuta ba alama. Wanda ya shekara da tasa ya san halinta. Mai aro da safen jarrabawa ya hau dokin da bai san linzaminsa ba.

Akwai waɗanda hukuncinsu daban ne. Ɗan tarihi ko shari'a ko Hausa bai bukaci ko ta tsakiyar ba. Ɗan akanta ko harkar banki da ke hangen jarrabawar CFA ba shi da zaɓi, domin iri biyu kaɗai ake shiga da su, TI BA II Plus da HP 12C, kuma gara ya saba da ɗayarsu tun yana makaranta, sun kuwa fi masu zane sauƙin kuɗi sosai. Wanda ya samu gurbin karatu a Amurka kuma malamin darasi ya rubuta TI-84 a takardar kayan aiki, to ya shiga tsarin, sai ya saya, kuma a can ta hannu tana samuwa da rahusa domin duk ƙarshen zango ana zubar da su. Akwai kuma ɗalibin da lissafi ne abin shaƙatawarsa, mai son ya rubuta 'yan shirye-shirye a kan HP Prime don jin daɗi. In gidansu da hali, ba ni da ta cewa, iya kuɗinka iya shagalinka. Kawai kada a kira shi larura.

Ga sauran jama'a, wato mafi yawan masu shiga injiniyanci da kimiyya a Zariya da Kano da Minna da Maiduguri, inda na tsaya shi ne a sayi ta tsakiya, ta asali, tun zangon farko, a kuma zauna da takardar bayaninta yini guda a koyi abin da ke cikinta, domin da yawa suna kammala digiri da 991 a aljihu ba su san tana warware lissafi uku a haɗe ba. Kafin a saya a tambayi ɗan aji uku a sashen, ko jami'in jarrabawa, wane samfuri ake bari a shiga da shi, tunda sashe da sashe sukan bambanta. In kuma akwai yaya ko kawu a waje da ya ce zai aiko da TI-84 tsaraba, a yi masa godiya, a roƙe shi ya aiko da fx-991 ta asali, ragowar dala ɗari da 'yan kai a haɗa a nemi kwamfutar cinya ta hannu, wadda ko ba yau ba sai an neme ta kafin a rubuta kundin ajin ƙarshe.